Sharhi: Darussan jami'a kan ƙwaƙwalwa sun shigo salula, me malamin lakwal na Gafati zai samu a ciki?



Abubuwa biyu suka faru a ƙasar nan cikin watan Maris na 2025, kuma ba kasafai ake haɗa su a zance guda ba. Na farko, intanet ɗin tauraron ɗan Adam na kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijar a hukumance, ya zo ya tarar da Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms. Na biyu, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Ɗaya yana buɗe ƙofar ilimin duniya, ɗayan yana tambayar da wane harshe za a shiga. Sharhinmu na yau ya ɗauki fanni guda ne don a ga inda waɗannan biyun suka haɗu, wato kimiyyar tunani da fahimta, wadda Faransawa ke kira "sciences cognitives".

Kada sunan ya tsorata kowa. Ilimi ne da ke bincike kan yadda mutum ke gani, ya ji, ya riƙe abu a ka, ya manta, ya koyi harshe, ya yi lissafi, ya yanke shawara. Masana halayyar ɗan Adam da likitocin ƙwaƙwalwa da masana harshe da masu aikin kwamfuta ne suka haɗa hannu a kansa tun wajen shekarun 1950. A da sai wanda ya samu tallafin karatu zuwa Faransa ko Amurka yake jin ɗuriyarsa. Yanzu kuwa darussan suna nan a intanet. A 2012 aka kafa Coursera da edX a Amurka, a 2013 Faransa ta buɗe nata dandalin mai suna FUN. Jami'ar Yale ta saka darasin Farfesa Paul Bloom na gabatar da ilimin halayyar ɗan Adam kyauta. Barbara Oakley da Terrence Sejnowski sun fitar da wani darasi a 2014 kan koyon yadda ake koyo, miliyoyin mutane sun yi rajista a kansa, kuma akwai shi da Faransanci. Wanda ya fi kusa da mu ta wajen harshe shi ne Stanislas Dehaene na Collège de France a Paris, wanda laccocinsa kan karatu da lissafi da ƙwaƙwalwar yaro suke a buɗe, ba a biyan ko dala.

To, mai saurare zai ce, mu da muke fama da ruwan sha da tsadar hatsi, ina ruwanmu da ƙwaƙwalwa? Ruwanmu yana cikin aji. Binciken PASEC, wanda ke auna ɗaliban firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa a Nijar yaran da suka kai ƙarshen firamare suna karatu yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an samu ci gaba, sun kai wajen uku cikin goma. Ma'ana, yara bakwai cikin goma sun yi shekara shida suna zuwa lakwal, iyaye sun hana su kiwo da talla, amma a ba su takarda su karanta su faɗi abin da ke ciki, sai kame-kame. Rashin azuzuwa da littattafai da jinkirin albashin ƴan kwantaragi duk suna da kaso a ciki, ba mai musu. Amma akwai kason da ke hannun malami a tsakanin ƙarfe takwas da sha biyu, kuma nan ne wannan ilimin yake da abin faɗa.

Ga misali. Abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda kaɗan ne ƙwarai. George Miller a 1956 ya ce wajen abu bakwai ne, masu bincike na baya suka ce ma bai fi huɗu ba. Mushen da ya cika allo tun daga sama har ƙasa da sabon darasi, ya juyo ya ce "kun gane?", yara suka amsa da ƙarfi, to ya zuba ruwa ne a kwando. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, tun 1885 ya auna yadda mantuwa ke tafiya: mafi yawan abin da aka koya yana zubewa ne a sa'o'i da kwanakin farko, sai dai in an koma kansa an sake, kuma maimaici da tazara ya fi maimaici a zama ɗaya. A 2006 Roediger da Karpicke a Amurka suka gwada ɗalibai kashi biyu, wasu suna ta sake karanta rubutu, wasu kuma ana rufe takardar a ce su faɗo abin da suka tuna. Bayan mako guda, waɗanda aka sa su tuno da kansu ne suka fi riƙewa. Shi kuma Dehaene ya tattara abin cikin ginshiƙai huɗu: yaro ya mai da hankali, ya sa hannu da kansa, a nuna masa kuskurensa nan take ba tare da tsoratarwa ba, sannan abin ya zauna ta hanyar maimaici da barci.

Duk wanda ya yi makarantar allo a Damagaram, in ya ji wannan zai yi murmushi. Me alaramma ke yi in ba haka ba? Ana rubuta wa kolo aya kaɗan a allo, ba shafi ba. Ba ya wankewa sai ya biya wa malam da ka, an gyara masa a take. Ana karatu da asuba, a koma da yamma, a koma da dare a bakin wuta, a kwana a kai. Gardi kuma ba ya barin tilawar abin da ya wuce don kada hadda ta kuɓuce. Turawan nan sun auna da agogo da alƙaluma abin da tsangaya ta daɗe tana yi, kuma wasunsu sun zo har yankinmu sun gani. Sylvia Scribner da Michael Cole sun yi bincike a cikin ƙabilar Vai ta Laberiya, littafinsu ya fito a 1981. Sun tarar da waɗanda suka yi karatun Alƙur'ani sun fi sauran iya riƙe jerin kalmomi idan ana ƙara su ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda ake ƙara aya kan aya. Sai dai fifikon nasu ya tsaya ne a irin wannan aikin, bai bazu zuwa kowane irin tunani ba. Wannan gargaɗi ne ga kowane ɓangare. Hadda tana horar da hadda. Malamin lakwal da ke sa yara su haddace taƙaitaccen darasin tarihi da Faransancin da ba su ji, ya ɗauko wahalar tsangaya ne ya baro hikimarta. Kuma bulala, a allo ne ko a boko, masu binciken nan ba su ba ta gaskiya ba: yaron da ke jin tsoron kuskure yakan daina gwadawa, in kuwa bai gwada ba babu abin da za a gyara masa.

Inda abin ya fi shafar muhawarar da ake yi yanzu shi ne batun koyon karatu. Dehaene da abokan aikinsa sun nuna akwai wani ɗan wuri a gefen hagu na ƙwaƙwalwa da ke koyon gane haruffa, ya haɗa su da sautin maganar da yaro ya riga ya sani. A binciken da suka wallafa a 2010 kan manya a Brazil da Portugal, har waɗanda suka koyi karatu da girmansu an ga wannan sauyi a ƙwaƙwalwarsu, abin da ya kamata ya ƙarfafa gwiwar iyayenmu mata masu zuwa ajin yaƙi da jahilci. Amma a lura da sharaɗin: harafi yana neman sautin da yaro ya sani. Yaron Gafati da ya shiga ajin CI yana da dubban kalmomin Hausa a bakinsa, na Faransanci kuwa wataƙila "bonjour" kaɗai. Ga shi rubutun Hausa na boko kusan kowane harafi da sautinsa, b da a "ba", k da i "ki", an samu "baki". Faransanci kuwa sautin "o" kaɗai ana rubuta shi o, ana rubuta shi au, ana rubuta shi eau. Wani bincike na 2003 da ya kwatanta harsunan Turai 13 ya tarar da yaran da rubutun harshensu ke tafiya daidai da furuci, irin na Italiya da Finland, kusan duk suna karanta kalmomi kafin ƙarshen shekarar farko, na Faransa suna biye, na Ingilishi suna can baya. Su ke nan da aka haifa cikin harshen.

Wannan ba baƙon zance ba ne a jiharmu. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Kafin nan ma Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya kare koyarwa da harsunan gida a littafinsa kan ilimi a Afirka na 1964. Shekara hamsin ana kiran abin "gwaji". Malamin da ya bi waɗannan darussa na intanet zai shiga wannan muhawara da hujja a hannu, ba da zafin kishin harshe kaɗai ba, kuma a ganina wannan ce babbar ribar.

Yanzu sai mu zo ga ƙaya. Masu tallar waɗannan darussa sun yi alƙawarin jami'a za ta iso kowane ƙauye. A 2019 wasu masu bincike biyu na MIT, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente, suka duba darussan MIT da Harvard a edX, suka ga waɗanda ke kai wa ƙarshe ba su fi wajen 3 cikin 100 ba, kuma mafi yawan masu shiga daga ƙasashe masu arziki suke. In mai wuta dare da rana ya gaza ƙarasawa, ina ga wanda sai ya kai salula wurin mai sola an yi mata caji, ya hau tudu neman rezo, bidiyon awa guda ya cinye masa ɗaruruwan mega? Starlink kuwa, kayansa da kuɗin wata sun fi ƙarfin aljihun malami guda. Sannan yawancin darussan da Ingilishi suke, kaɗan da Faransanci.

Batun takarda ma a yi hattara. Shaidar da Coursera ko edX ke bayarwa galibi sai an biya, da katin banki, ba da Nita ko Amana ba. Kuma shaidar halartar darasi ce, ba lisansi ba ce, ba ta maye gurbin difloma ta jami'a wurin shiga gasar ɗaukar ma'aikata. Mai neman digiri daga nesa ya nemi jami'ar da hukuma ta sani, irin su Jami'ar NOUN ta Najeriya ko jami'ar intanet ta Senegal da aka kafa a 2013, kuma ya tambayi matsayin takardar a ma'aikatar ilimi mai zurfi kafin ya fitar da jika ko ɗaya. Ƴan damfara sun riga sun gano kalmar "ƙwaƙwalwa" tana sayar da kaya. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa kashi goma cikin ɗari na ƙwaƙwalwarka kake amfani da shi, shi zai buɗe maka sauran, ko ya ce zai gano maka ɗanka "mai ƙwaƙwalwar hagu" ne ko "ta dama", to ka riƙe kuɗinka. Darasin jami'a na gaske a makon farko yake rushe waɗannan tatsuniyoyi.

Akwai kuma wani gibi a cikin ilimin kansa. A 2010 Joseph Henrich da abokansa biyu suka ja hankali cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun wannan fanni daga ƙasashen Yamma masu masana'antu suke, alhali ƙasashen ba su fi kashi 12 na mutanen duniya ba. Yaron da ke lissafin kuɗi da dala, ya san "ashirin" na nufin sefa ɗari, ya yi canji a kasuwar Dole ba tare da alli ba, amma ya faɗi lissafi a aji, ba shi a cikin littattafansu. Wannan aiki ne da ke jiran ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ga tsangayu ga makarantun harshe biyu a bakin ƙofarsu.

Abin da zai yiwu a ƙaramar hukuma irin tamu, a ganina, ba kowa da salularsa a ɗaki ba ne. Malamai suna da taron CAPED da suke haɗuwa don ƙara wa juna sani. Mutum guda zai iya shiga birni, ya sauke laccoci uku ko huɗu a katin memori inda intanet ke da ƙarfi, a zo a kalla tare, wanda ya fi jin Faransanci ya warware wa saura. Sai a ɗauki abu ɗaya tak a gwada wata guda: misali kowace safiya a rufe littafi minti biyar, yara su faɗo darasin jiya da na makon jiya da bakinsu, a aji ɗaya a yi, a ɗayan a bari, a ƙarshen wata a kwatanta. Kwamitin iyaye na makaranta zai iya ɗaukar kuɗin mega, bai kai kuɗin gyaran rumfar aji ba. Sufetocin ilimi na Mirya su ne za su ba abin izini da lokaci, makarantar horon malamai ta Askia Mohamed kuma ita ce ta dace ta tace waɗanne darussa ne na ƙwarai.

Saura aikin kalmomi, wanda mu ma ƴan rediyo yana kanmu. Tunda Hausa ta zama harshen ƙasa, dole a samu yadda za a kira abin nan da ke riƙe abu huɗu na ɗan lokaci, a bambanta shi da hadda mai daɗewa, a bambanta mai da hankali da natsuwa. Alarammomi suna da kalmominsu, malaman lakwal suna da nasu, tsofaffin malaman makarantun gwaji na 1973 wasunsu suna nan da rai a cikin gari. Wanda ke da shawarar kalma ya aiko mana ta lambar gidan rediyo, za mu karanta a shirin ilimi, mu ji ta bakin malaman.