Wa Ya Ce Girki Da Ɗinki Ba Adabi Ba Ne?

Maƙalar wannan makon da ɗan zafinta na zo da ita. Wanda ya ji ta taɓa shi ya yi haƙuri, amma ba zan janye ba.

Kwanakin baya wata ƙanwarmu ta ɗora rubutu a wannan zaure kan yadda kakarta ke yin faten acca, tun daga wanke accar a rege yashi har zuwa lokacin da ake zuba yakuwa da gauta. Rubutu mai tsabta, kana karantawa kana jin ƙamshi. Ba a yi awa ɗaya ba wani daga cikin manyanmu ya ce mata wannan ba adabi ba ne, ta kai shi zauren matan gida. Wasu suka bi shi da dariya. Kafin magariba yarinyar ta goge rubutun, kuma tun ranar ban sake ganin ta ce uffan ba.

To malam, da kai nake, da duk mai ra'ayinka.

Abin dariyar shi ne, babu wanda ya kai mu rubuta abinci da sutura. Ɗauki littafi goma daga cikin waɗanda muke sayarwa a WhatsApp. Jaruma sai ta ci shafi biyu tana wanka da kwalliya, ta ɗauko leshi na dubu ɗari kaza, ta fesa turare kala biyar, ta shiga kicin ta haɗa wa Yaya Kyaftin abincin da ko marubuciyar ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Wannan mun yarda adabi ne, saboda akwai soyayya a gefe. Amma a zauna a faɗi yadda ake abu da gaske, da ma'auninsa da dalilinsa, shi ne ƙasƙanci? Sunayen kaya kawai muke jerawa kamar rasit ɗin kanti. Mai karatu ya gama littafin bai san yadda ake ɗaura ɗankwali ɗaya ba.

Ni a Kakuri na tashi, kudu da kogin Kaduna, inda jiniyar masaƙa ke gaya wa unguwa lokaci. A nan kamfanin KTL ya fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, daga baya Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo. Dubban mutane ne suka ci abinci a wurin. Kowace atamfa da ta fito daga Kakuri, sai da wani ya zana furenta, wani ya haɗa launinta, wani ya tsaya a kan injin bugawa ya tabbatar ja bai hau kan shuɗi ba. Mata kuma a kasuwa su raɗa mata suna, sunan ya bi gari, a yi ankon biki da ita. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Tsofaffin ma'aikata da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu. Waɗanda suka rage suna nan Kakuri da Makera da Nasarawa, wasu na gadi, wasu sun koma gona. A nuna mini mutum ɗaya a cikinmu da ya ɗauki biro ya je ya zauna da ɗayansu ya tambaye shi yadda zane ke tashi daga takarda ya hau yadi. Muna can muna gina gidaje a Maitama da Dubai cikin babi na uku.

Na san amsar da za a ba ni: yanzu zamanin kallo ne, wa zai karanta girki alhali ga bidiyo? Ban raina masu allo ba. Arewa24 ta yi abin a yaba da shirin Akushi Da Rufi, Hadiza Gabon ta nuna cewa mace za ta iya kafa shirin hira nata na kanta jama'a su bi ta har YouTube, kuma 'yan matan da ke koyar da girki da ɗaurin kallabi a Instagram sun fi da yawanmu masu bibiya nesa ba kusa ba. Sun riƙe nasu ɓangaren. Amma tukunya a kan duwatsu uku take zama. Akwai mai nunawa a allo, akwai mai zanawa da ɗinkawa, dutse na uku shi ne littafi, kuma namu ne, mu muka bar shi a ƙasa.

Allo kuma mantuwa gare shi. A nan Kaduna aka buɗe gidan talabijin na Arewa a 1962. Je ka nemi Samanja Mazan Fama ko Karambana na marigayi Kasimu Yero daga farko har ƙarshe, ka ga ko za ka samu fiye da guntaye. NTA Kaduna ta mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin, an kalla an ji daɗi, an wuce. Littafin Abubakar Imam kuwa, da ya girmi wasan da kusan shekara hamsin, yana nan a kantin littattafai.

Akwai wata baƙar fatar Amurka, B. Smith, da rayuwarta ta isa misali. Ta fara da tallan tufafi, ta buɗe gidan abinci a New York a 1986, ta fitar da littafinta na farko kan girki da karɓar baƙi a 1995, ta yi shirin talabijin mai ɗauke da sunanta, ta tsara kayan ɗaki da zannuwan gado da ake sayarwa a kantunan Bed Bath & Beyond. Sai ciwon mantuwa na Alzheimer ya kama ta tun ba ta tsufa can ba. Gidajen abincin suka rufe, shirin ya tsaya, ita kanta ta rasu a 2020 tana da shekara 70, kantunan ma suka durƙushe a 2023. Matar da ta koya wa mutane girki ta kai inda tunaninta ya kuɓuce mata. Amma duk mai son ya dafa abincinta yau zai iya, domin ta rubuta. Kakanninmu ma suna mantawa, suna kuma mutuwa, su ko littafi ɗaya ba su bari ba.

Abin kunya ma, mafi cikar bayanin rayuwar Bahaushiya a cikin gida da muke tinƙaho da shi, wato labarin Baba ta Karo, Baturiya ce, Mary Smith, ta zauna da tsohuwar a ƙasar Zazzau ta rubuta, ya fito da Turanci a 1954. Shekara saba'in ke nan da ɗoriya. Tun daga nan jere ya tashi daga ƙwarya ya koma kwalla da samira da fanteka, ya koma gilashi, yanzu amarya ma ba ta san sunayensu ba. Tambayi saurayin da ya sa babbar riga ranar Sallah bambancin aska biyu da aska takwas, ka sha kallo.

Kuma wanda yake ganin wannan rubutu sauƙi ne da shi, ya gwada. "A zuba ruwa daidai misali." Daidai nawa? Gwangwanin madara nawa a mudu ɗaya? Yaya za ka kwatanta kaurin talge ga yarinyar da ba ta taɓa tuƙa tuwo ba, ba tare da ka nuna mata da hannu ba? A labarin soyayya in jimlarka ta karkace mai karatu zai wuce. A nan in ta karkace, tukunyar wani ce za ta ƙone, kuma zai dawo ya gaya maka.

Batun kasuwa kuma, ku leƙo wannan ƙetaren. Tun rikicin 2000 kogin nan ya zama kamar katanga, kowa ya koma ɓangaren da yake jin zai kwana lafiya. Amma a Sabon Tasha da Narayi da Television da Romi, Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi da Hausa suke ciniki, da yawa da ita suke waƙa a coci, suna kuma karanta ta. Littafin Yaya Kyaftin ba lallai ya haye gada ba. Littafin da ya haɗa gwaten acca da dambun zogale da miyar karkashi, ya faɗi wa ke yin wanne da yadda kowa ke kiransa, za a saye shi a Kawo a saye shi a Barnawa.

Ƙanwata mai faten acca, in kina ganin wannan, ki dawo da rubutunki, ki ƙara mana yawan ruwan da kakarki ke sawa da irin tukunyar. Sauran kuma, nan da Juma'a ina jiran kalma 500 daga kowa kan abu ɗaya da wani tsoho a gidanku ya iya yi da hannunsa. A sa a ƙarƙashin wannan maƙala. Malam mai cewa ba adabi ba ne, naka zan fara karantawa.