Ranar Da Zuciyar Ɗan Adam Ta Zama Haja

A Amurka kowane aikin likita yana da lambarsa ta karɓar kuɗi, tsarin da ƙungiyar likitocin ƙasar ta fito da shi a 1966. Ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya 93454 ne, sanya 'yar ragar ƙarfe don buɗe jijiyar da ta toshe kuwa 92928. Ragar tana ceton rai, amma inda yawan aiki shi ne yawan kuɗi, zalunci ya samu ƙofa. A 2011 an ƙwace lasisin wani likita a jihar Maryland saboda sanya wa marasa lafiya ragar ba da buƙata ba. Jari-hujja ke nan! 'Yan uwa masu karatun likita su sani, majinyaci amana ne, kuma akwai ranar hisabi.