TAƘLIDIN NA'URA: SABUWAR MAKAUNIYAR BIYAYYA

 

Ya 'yan'uwa, shekara da shekaru muna kira ga jama'a da su daina karɓar magana ba tare da hujja ba. Mun ce da ɗalibi, idan malami ya faɗa maka hukunci, ka tambaye shi dalili cikin ladabi. An zage mu a kan haka, an kira mu marasa girmama na gaba, muka daure. To abin mamaki da takaici shi ne, yau cikin samarinmu da suka taso a kan wannan tarbiyya akwai waɗanda ba za su karɓi maganar dattijon malami ba sai ya buɗe musu littafi, amma idan manhajar da ke cikin wayarsu ta yi magana, sai su ɗauka su yaɗa, babu tambaya, babu bincike.

Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, irin waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira suka bazu a duniya. Ya kamata mai hankali ya san yadda abin yake aiki kafin ya jingina da shi. An ɗura wa na'urar rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, na gaskiya da na ƙarya, na masani da na jahili, ta koyi wace kalma ce ta saba biyo wace. Idan ka tambaye ta, sai ta jero maka kalmomin da suka fi kama da amsa. Sau da yawa takan dace. Wani lokaci kuma takan ƙaga abin da babu shi, ta kawo shi da irin fasaha da natsuwar da take kawo gaskiya, har da sunan littafi da lambar shafi. Kuma da yake abin da ta karanta da Hausa kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da Turanci, kurenta a harshenmu ya fi yawa.

Kada wani ya zaci jahilai kaɗai take yaudara. A 2023, wasu lauyoyi a birnin New York na Amurka sun shigar wa kotun tarayya takarda ɗauke da hukunce-hukuncen shari'o'i shida na baya a matsayin hujja. Da aka bincika, sai aka tarar babu ko ɗaya da ya taɓa faruwa. ChatGPT ce ta ƙirƙiro su da sunayensu da lambobinsu. Ɗaya daga cikin lauyoyin har ya tambayi manhajar ko shari'o'in na gaske ne, ta tabbatar masa da cewa na gaske ne! Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Waɗannan ƙwararru ne a fanninsu, kuma akwai abokan hamayya da alƙali da suka gano ɓarnar. To wa zai gano ta idan yaro ɗan shekara ashirin ya kwafo "hadisi" daga na'ura, ya jingina shi ga Bukhari, ya tura wa mutum ɗari biyar kafin sallar azahar? Kowa ya san girman gargaɗin da ya zo a kan jingina wa Manzon Allah (SAW) abin da bai faɗa ba. Wal'iyazu billahi.

Amma ko da na'urar ba ta yi kure ba, akwai wata asara da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce mutuwar tunani. A 2025 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun raba mutum 54 gida uku, suka sa su rubuta maƙala: wasu da ChatGPT, wasu da binciken intanet, wasu da ƙwaƙwalwarsu kaɗai, ana auna aikin ƙwaƙwalwar kowa. 'Yan rukunin ChatGPT su ne aka ga ƙwaƙwalwarsu ta fi ƙarancin aiki, kuma a zaman farko mafi yawansu sun kasa maimaita ko jimla ɗaya daidai daga rubutun da suka gama yanzu-yanzu. Adadin mutanen ba shi da yawa, don haka ba a kansa kaɗai muke gina hukunci ba. Sai dai duk wanda ya taɓa koyarwa ya san wannan tun kafin a auna: abin da ɗalibi bai sha wahalarsa ba, ba ya zama a ƙirjinsa.

Magabatanmu sun riga kowa fahimtar wannan. Masu tarihi sun ruwaito cewa Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, yana dawowa daga karatu a Jurjan 'yan fashi suka tare shi, suka kwashe kayansa har da jakar takardun da ya rubuta darussansa. Ya bi su yana roƙo, yana cewa iliminsa ne a ciki. Shugabansu ya yi masa dariya, ya nuna masa cewa ilimin da ɓarawo zai iya raba ka da shi ba naka ba ne. Da ya koma Ɗus sai ya shafe shekara uku yana haddace abin da ya rubuta. Gazali fa da hannunsa ya rubuta nasa, a gaban malami. Ina ga wanda "iliminsa" ke tafiya da zarar caji ya ƙare ko data ta yanke?

Haka nan an ruwaito cewa malaman Bagadaza sun jarraba Imam Bukhari da hadisai ɗari da suka cuɗanya isnadansu. Kowanne aka karanta masa sai ya ce bai san shi ba, har suka gama, sannan ya mayar da kowane matani ga isnadinsa. An kuma ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Wannan kalma ta "ban sani ba" ita ce garkuwar malami mai tsoron Allah, kuma ita ce kalmar da na'ura ta fi rowarta, domin an gina ta ne ta ba ka amsar da za ta gamsar da kai.

Akwai kuma waɗanda suka zarce ta ɗaya ɓangaren, suna cewa amfani da abin gaba ɗaya haramun ne. Su ma muna tambayarsu hujja. An yi wa injin ɗab'i da lasifika irin wannan kallo a wasu wurare, yau ga su muna cin moriyarsu. Na'urar tana iya taimaka maka ka gyara nahawun wasiƙa, ta nuna maka littafin da ya kamata ka duba, ta fassara maka kalma mai wuya. Wannan aikin hadimi ne, kuma babu laifi a kansa. Laifin yana farawa ne ranar da ka ɗora hadimin a kan buzun malami.

Saboda haka, ya ɗalibi, idan mas'ala ta zo maka, ka fara zama da ita kai kaɗai, ka rubuta abin da ka fahimta da hannunka, sannan ka tambayi na'ura idan kana so, ka gwada nata da naka, ka nemi inda ta kauce. Duk nassin da ta kawo maka, ka ɗauke shi kamar labarin wanda ba a san adalcinsa ba, har sai ka gan shi da idonka a littafin da ta ambata. Idan ba ka iya Larabcin da za ka duba ba, to ba ka kai matsayin yaɗa shi ba. Ka kai wa wanda ya iya.

Malaman makarantun Islamiyya da masu kula da majalisun karatu kuwa, nauyinsu ya fi girma. Aikin gida da ake kawowa a rubuce ya daina zama shaidar fahimta. A tsayar da yaro, a sa ya ajiye waya, ya yi bayanin abin da ya rubuta da bakinsa, a tambaye shi wane littafi, wane babi, wa ya ruwaito. A dawo da hadda da muraja'a da munaƙasha gaba da gaba. Kuma duk wanda zai hau mumbari ko ya kawo rubutu wannan mujalla, a nemi ya nuna inda ya ciro kowane hadisi tun kafin a ba shi dama.