Hausar Nima Ba Ta Gaza Da'ira Ba

Masu cewa Hausar Nima da Maamobi ta ciniki ce kawai, ba za ta ɗauki darasin zane a kwamfuta ba, sun zalunci harshen. Ga hujja.

Da'ira biyu suna shafar juna ne idan sun haɗu a ɗigo guda tak. Ɗigon nan yana kan layin da ya ratsa cibiyoyinsu. A ce daga cibiyar babbar zuwa bakinta milimita 50 ne, ta ƙaramar kuwa 20. In shafar ta waje ce, tazarar cibiyoyin 70 ce. In ta ciki ce, 30. Tarawa da ɗebewa ke nan. Ina Hausa ta yi tuntuɓe?

Amma ana zaunar da yaron Zango gaban AutoCAD, a ce ya danna umarni da Turanci, ba a faɗa masa dalili. Ranar da baka ya ƙi zama kan layi, sai ya tsaya cak. Alhali mai walda a Nima kullum yana lanƙwasa ƙarfen ƙofa bisa wannan ƙa'ida.

Ɗaliban Hausa, aikin naku ne: ku tsayar da kalmomin, ku rubuta darussan, ku kai su Zango.