Maganin Saurayi Ba Na Tsoho Ba Ne

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu a ƙasar Buji, kowa ya san ba a zuba takin zamani da ka. Akan auna da murfin kwalba, a duba girman shuka, a duba damshin ƙasa. Awon da zai sa dawa ta yi kore shar bayan ruwa, shi ne zai ƙone ta idan ƙasa ta bushe. To, haka magani yake a jikin mutum. Amma a gidaje da yawa an fi kula da awon taki bisa ga awon ƙwayoyin da tsofaffi suke sha.

Idan mutum ya manyanta, ƙodarsa da hantarsa sukan rage ƙarfi, su ne kuwa suke tace magani su fitar da shi. Ƙwayar da jikin saurayi zai gama da ita kafin gari ya waye, sai ta daɗe a jinin tsoho, ya kuma sha wata a kanta. Da zafin bazara abin ya fi muni, domin yawancin tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba, ga gumi yana fita, sai ƙoda ta rasa ruwan aiki.

Mu dubi abin da ake yi ran kasuwa a Gantsa da sauran garuruwanmu. Baba ya yi kukan ciwon gwiwa ko na baya bayan noman gero ko yankan riɗi. Sai a aiki yaro kemis, ko wurin mai tallar magani, a ce a ba shi “haɗi”. A ƙulle ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, babu suna, babu kwanan wata. Sau da yawa a ciki akwai maganin ciwon jiki iri biyu masu aiki ɗaya, kamar su Feldene da Brufen da Indocid. Waɗannan sukan ci bangon ciki har ya yi gyambo ya zub da jini, sukan lalata ƙoda, sukan ƙara hawan jini. Indocid ɗin nan shi ne wasu suke barbaɗawa a abinci su kashe ɓera. Wani lokaci kuma akan haɗa da deksa, wadda takan sa tsoho ya ji garau kwana biyu, daga baya fuska ta kumbura, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni.

Haka nan maganin barci kamar Valium, da Piriton na mura da ƙaiƙayi. Sukan sa tsoho jiri da ruɗewa. Ya tashi fitsari da dare ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye, wani daga nan ba ya sāke takawa. Piriton kuma yana iya riƙe wa dattijo fitsari. Daonil na ciwon sukari yana iya sauke sukari ƙasa ƙwarai idan tsohuwa ta sha ba ta ci abinci ba. Ta yi gumi, ta yi sambatu, mutanen gida su ce tsufa ne ko iska, alhali kuwa ƙwaya ce.

Likitoci sun daɗe da lura da wannan. A 1991 wani likita a Amurka, Mark Beers, ya jera magungunan da ya kamata a yi hattara da su ga tsofaffi. Har yanzu ana sabunta jerin, an yi na 2023 domin masu shekara 65 zuwa sama, su Indocid da Valium da Piriton da Daonil kuwa duk irinsu yana ciki. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shiri na rage cutarwar da magani yake yi, ta kuma ja kunne a kan shan magunguna da yawa lokaci guda.

Wani zai ce, asibitin tarayya na Birnin Kudu da na Dutse suna da nisa, kuɗin mota ya fi kuɗin haɗi, ciwon Baba kuwa ba ya jira. Gaskiya ne, ba mu ce a bar tsoho da ciwo ba. Amma ƙarin jini da jinyar karaya sun fi kuɗin mota nesa ba kusa ba, har sukan ci buhunan da aka ajiye domin iri. Kada garin neman gira a rasa ido. Ga abin da muke ba kowace ƙungiya shawara ta yi:

1. A daina karɓar ƙwaya marar suna. A sayi magani cikin fakitinsa, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

2. Ciwon jiki na yau da kullum, farasitamol ya fi sauƙin haɗari ga tsoho. Kada a wuce ƙwaya biyu a sha ɗaya, ko shida a yini. In ciwo ya wuce kwana uku, a tafi asibiti.

3. In za a je wurin ma'aikacin lafiya, a tattara duk abin da tsoho yake sha a jaka ɗaya, har da jiƙo da garin magani na gargajiya. A tambaya a fili: wanne za a ci gaba da shi, wanne za a bari?

4. Kada a yanke maganin hawan jini ko na sukari, ko Valium da deksa da aka daɗe ana sha, sai da izinin likita. Yankewa farat ɗaya ma haɗari ce.

5. Baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, kumburin ƙafa, raguwar fitsari, ko ruɗewa bayan sabon magani, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi.

Kowace ƙungiya tana da magatakarda mai rubuta bashin taki da iri. Ya ware shafi guda domin tsofaffin ƙungiya, suna da maganin da kowa yake sha. A kuma ware ɗan abu daga asusu domin kuɗin mota. Mu kawo wannan magana a taronmu na wata mai zuwa, mu zaɓi wanda zai riƙa raka tsofaffi asibiti.