Uwargida, Kin Duba Ƙarfen Maigida?

Idan maigida ya shigo da injin ɗaga ƙarfe gida, ki duba faya-fayansa da kyau, domin 'ya'yanki ne ke rarrafe kusa da su. Faifai mai kilo 20 nauyin jarkar ruwa mai lita 20 gare shi.

Ramin tsakiyarsa yakan zo iri biyu: na Olamfik santimita 5, na gida kusan 2.5. In aka zura mai faɗin rami a siririn sanda, girgiɗi zai riƙa yi. Ni dai na fi son mai rufin roba da wurin kamawa, bai cika suɓucewa daga hannu ba.

Injin da faya-fayansa ke jere bisa juna kuwa, tsakaninsu ne ke datse yatsun yara. Ki roƙi maigida ya zaɓi mai murfi, ɗakin kuma a sa masa kwaɗo.