SHAFIN INTANET ZAURE NE, A SHARE SHI

Jama'a, akwai wata al'ada da ta ke yaɗuwa a ofisoshi da makarantunmu, wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. Yanzu kusan kowace hukuma ta buɗe shafinta a intanet, kuma wannan ci gaba ne. Amma da yawa daga cikin shafukan nan sun zama kamar rumfar ɗan koli: ga hotunan manya jere, ga rubutu yana gudu daga dama zuwa hagu, ga launi iri bakwai, ga sanarwar bara ba a cire ba. Wanda ya zo neman abu guda sai ya rasa inda zai sa ido.

To, wa ke ziyartar shafin nan? Uba ne mai neman ranar komawa makaranta, ko ɗalibi mai neman sakamakon jarrabawa, ko tsohon ma'aikaci mai bin fanshonsa. Yawancinsu da wayar hannu su ke dubawa, da kuɗin guminsu kuwa su ke sayen data. Kowane hoto da aka ɗora don ado, daga aljihun talaka a ke biyansa. In kuwa a ƙauye ya ke, inda sadarwa ba ta da ƙarfi, sai ya gaji da jira, ya biya mota ya zo ofis, watau wahalar da aka buɗe shafin don a ɗauke masa.

Malaman makaranta sun san wannan magana tun daga kwalejin horo. Kafin malami ya fara darasi, share allo ya ke yi, ya rubuta kwanan wata da kan darasi, sa'an nan ya bi da abin da ya ke so yara su riƙe. In ya bar lissafin jiya a gefe, hankalin yara ya rabu biyu, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Haka akawu na ƙwarai ba ya cusa takardun haraji da na albashi cikin fayil guda.

Waɗanda suka riga mu cikin sha'anin nan sun gane haka. Kamfanin Google, wanda aka kafa a Amurka cikin 1998, ya bar shafinsa na farko kusan fari fat, sai suna da gurbin rubuta abin da a ke nema. A Ingila kuma, cikin 2012, Gwamnati ta buɗe GOV.UK, ta shiga tattara ɗaruruwan shafukan ma'aikatunta wuri guda, baƙin rubutu a kan fari, da kalmomi masu sauƙi. Cikin 2013 shafin nan marar ado shi ya ci lambar tsari mafi kyau ta shekara a Landan.

Wani zai ce ai shafi marar ado yana rage wa hukuma kwarjini. Ni ban yarda ba. Kwarjinin ofis shi ne mutum ya zo da bukata ya koma da biyanta. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Sabo da haka ga shawarata ga duk wanda aka danƙa wa wannan aiki. Ya tambayi akawun da ke karɓar baƙi abubuwa uku ko huɗu da mutane suka fi tambaya, ya sa su a sama. Kowace sanarwa ta ɗauki kwanan wata, in ta tsufa a cire ta. Rubutu ya zama manya yadda dattijo zai karanta ba da wahala ba. Kowane hoto a rubuta bayaninsa, domin makafi suna da na'urar da ke karanta musu shafi. In da Hausa ne, a sa ƙ da ɗ da ɓ daidai, kada ƙasa ta koma kasa. Daga ƙarshe a ba wani wanda bai taɓa ganin shafin ba waya, a ce ya nemo abu kaza, a yi shiru a ga inda zai tuntuɓe.

Shafi zaure ne, nan baƙo ya ke fara sanin halin mai gida. Allah ya sa mu gyara.